Tarihin itacen gona: daga gawon Tanimun zuwa sassaben zamani



A taron ƙungiya na bayan salla, yaranmu da ke karatu a Yamai sun zo da wata kalma ta nasara, wai permakiltir. Dattawa suka nemi bayani, mu kuma muka yi alkawarin rubuta shi a wannan takarda. Kalmar ta fito daga Ostiraliya, inda wasu mutum biyu, Bill Mollison da David Holmgren, suka buga littafi a kanta cikin 1978. Manufarta ita ce a tsara gona yadda itace da dabba da hatsi da ruwan sama kowane zai taimaki ɗan'uwansa, ƙasa ta yi ta ciyar da mutum ba tare da ta gaji ba. Da tsofaffi suka ji haka sai suka yi dariya, suka ce ai gonar kakanninmu ke nan. Sun yi gaskiya. Saura mu san yadda muka rasa wannan gona, da yadda ta komo.

Mu fara da gawo. Kowa ya san halinsa: da damina yana zubar da ganye, hatsi ya samu rana da taki a ƙarƙashinsa, da rani ya yi kore, dabbobi su sha inuwa, su ci ƴaƴansa, su bar kashi a wurin. Magabata sun san darajarsa. A Damagaram ana ba da labarin cewa Sarki Tanimun, wanda ya rasu cikin 1884, ya hana saran gawo, ya sa horo mai tsanani ga wanda ya taɓa shi. A wancan zamani manomi in ya yi sassabe yakan bar kalgo da sabara da aduwa da magarya nan da can, gona kuma in ta gaji a bar ta ta huta.

Zuwan nasara ya sake al'amari. Cikin 1935 Faransa ta kafa dokar daji a ƙasashen da take mulki a yammacin Afirka, aka sa itace a hannun hukuma. Bayan mulkin kai, dokar daji ta 1974 ta bi wannan sawu: wasu itatuwa, har da gawo, ba a sara su ko a datse reshensu sai da takarda, ko da a gonar mutum suke. Niyyar ita ce kare daji, amma ga abin da ya faru. Manomi ya ga itacen gonarsa ba nasa ba ne, sai dai ya jawo masa tara, don haka in ya ga toho sai ya kashe shi tun yana ƙarami. Ga kuma noman gujiya da ya cika jihohin Maraɗi da Damagaram, ana koya ma mutane su tumɓuke kututture don garmar shanu ta wuce. Gona mai tsabta ta zama abin yabo. Jama'a ta ƙaru, hutun gona ya ƙare.

Sakamakon ya zo da farin 1973 da 1974, sa'an nan na 1984, yunwar da iyayenmu ke kira El Buhari. Sun faɗa mana yadda iska ke binne shuka da rairayi, a yi shuka sau biyu ko uku kafin ta kama, da yadda mata ke dafa tuwo da kara da kashin shanu. Hukuma ba ta zauna ba. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska, cikin watan Mayu na 1984 kuma, zamanin Seyni Kunce, aka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. Amma a gonakin tudu yawancin dashen da ake rabawa mutuwa yake yi, ga ƙishirwa, ga gara, ga awaki.

Cikin 1983 wani ɗan mishan mai suna Tony Rinaudo, shi ma mutumin Ostiraliya, da ke aikin dashe a jihar Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, itatuwa ne da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Dabarar ba ta da tsada: manomi ya zaɓi kututture, ya bar toho mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ya cire sauran, ya datse rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi, ya kiyaye shi daga dabbobi da wuta. Shi ne muke kira sassaben zamani. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa shi da rabon abinci. Da rabon ya ƙare, aka sare wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan, ana yi ma waɗanda suka bar nasu dariya, wai ragwaye ne. Bayan ƴan shekaru masu dariyar suka ga waɗancan suna da itacen wuta da na gini da abincin dabba, shukarsu kuma ta tsira daga iska. Daga nan maƙwabci ya koya daga maƙwabci. A Magarya da Matamai da Mirya gawo ya sake cika gonaki. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agie, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaro, da maza da mata da makiyaya.

Doka ta biyo bayan manoma. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 sun sassauta, cikin 2020 kuma gwamnati ta fitar da hukuncin da ya tabbatar ma manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina a gonarsa. Masana irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan, da suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 da suka komo a Nijar. Ba dasa su aka yi ba, rainon su aka yi.

Abin da tarihin nan ya koya mana shi ne itace yana tsayawa a gonar da mai ita ya san nasa ne, kuma yana duba shi. A nan ne maganar ta shafe mu, ƴan bida. Da yawanmu muna aiko kuɗin sassabe daga Yamai ko Kano ko Agadas, ƴan ƙodago su share gona tas, don ba wanda ya ce musu su bar toho. Gonakin da masu su ke nesa su ne kuma ake shiga da gatari cikin dare. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Don haka muna roƙon abu uku kafin bazara. Mai aiko kuɗi ya aiko da umarnin a bar toho. Ƙungiya ta zauna da mai gari da ardo da mata a kafa masu tsaro. Dattawa kuma su ba mu yini ɗaya, su fita da ƴan lakkol su nuna musu sunan kowane itace da amfaninsa, don wannan karatu ba ya cikin littattafanmu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maido matafiya gida lafiya. Amin.