Daga Dogari Zuwa Ɗan Sanda: Tarihin Horar da Masu Tsaron Doka a Ƙasar Kazaure da Babura

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin sawun yadda aka riƙa shirya mutum domin aikin tsaron doka a ƙasashen Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, don a gane abin da aka samu da kuma abin da aka rasa sa'ad da makaranta ta karɓi wannan aiki daga hannun fada.

Zamanin Dogarai

Tun da Ibrahim Ɗantunku ya kafa masarautar Kazaure a farkon ƙarni na 19, dogarai ne ke kamo mai laifi, su kai sammaci, su tsare fursuna, su zartar da hukuncin alƙali. Dogari ba ya zama a aji. A zauren sarki yake koyon aiki ta hanyar bin na gaba da shi, jarinsa kuwa biyayya da sanin mutane. Roni da Gwiwa suna ƙarƙashin Kazaure, amma Babura a wancan zamani ƙasar Kano ce, saboda haka daga fadar Kano umarninta yake fitowa.

'Yan Dokar En'e

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, ba su rushe wannan tsari ba, sai suka jingina mulkinsu a kansa. A shekarun 1920 aka fito da 'yan gadi, sa'an nan 'yan doka, masu kaki da albashi daga baitulmali, aka koya musu fareti da rubuta rahoto. Domin a ɗaukaka darajar aikin, sai aka riƙa ɗora 'ya'yan sarakuna a kansa. Usman Nagogo ya shugabanci 'yan dokar Katsina, Ado Bayero kuma ya riƙe muƙamin Wakilin Doka na Kano daga 1957 zuwa 1962, Babura tana cikin ƙasar da yake kula da ita.

Ɗan doka ɗan gari ne. Ya san ɓarawon shanu, ya san uban gidansa, ya san hanyoyin da ake bi a ƙetara iyaka zuwa Nijar. Amma wannan kusanci shi ne kuma cutar aikin, domin wanda ya naɗa shi yake yi wa biyayya, ba doka ba. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, koke-koke sun yawaita a Arewa cewa ana amfani da 'yan doka wajen musguna wa 'yan hamayya.

Haɗewa da Komawa Makaranta

Dokar Final Kod ta 1960 ta sa tilas mai kama mutum ya san sashen da ya kama shi a kai. Daga nan kwamitin Yusuf Gobir na 1966 ya ba da shawarar a haɗe 'yan doka da 'yan sandan tarayya, aka fara aiwatarwa a 1968. Tun daga lokacin, saurayin Roni mai son aikin sai ya nuna takardar makaranta, ya tafi kwalejin horar da kurata irin ta Kaduna, ko Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil da aka kafa a 1988, wadda daga baya ta koma ba da digiri. In ya gama kuwa, ana iya tura shi ko'ina cikin Nijeriya, a kawo wa Gwiwa wanda ko Hausa ba ya ji.

Kammalawa

Ɗan doka ya san jama'a amma iliminsa na doka kaɗan ne, magajinsa kuwa ya karanci doka amma sau da yawa baƙo ne a inda yake aiki. Tanadin haɗa kai da jama'ar gari da ke cikin Dokar 'Yan Sanda ta 2020 yunƙuri ne na cike wannan giɓi. Shawararmu ga malaman manyan makarantunmu ita ce, duk ɗalibin da ake shiryawa don wannan aiki a koya masa tarihin ƙasarsa tare da sassan doka, har da kurakuran 'yan doka, don kada a maimaita su.