Ma'aikaci, Ɗan Kwantiragi, Korarre: Wa Doka Take Nufi?

A bakin Bahaushe manajan banki ma'aikaci ne, masinjansa ma'aikaci ne, direban da yake kai shi gida ma haka. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda aka kafa a 1974 zamanin Janar Gowon, ba ta haɗa su a tukunya ɗaya ba. Sashe na 91 ya ce wanda take nufi shi ne mai aikin ƙarfi ko aikin akawu, sannan ya ware masu gudanarwa da shugabanni da masu aikin fasaha ko ƙwarewa. Injiniya da akanta, har da shi kansa lauyan kamfanin da yake duba dokar, duk ba sa cikin inuwarta. Abin dogaronsu shi ne sharuɗɗan takardar ɗaukarsu aiki da hukunce-hukuncen kotu.

Sunan da muka ba dokar ya fi kusa da gaskiyarta. Asalin ƙwadago aikin da ake yi a biya ka ka tashi ne, kamar noman ƙwadago da damina. Daga baya kalmar ta yi faɗi, har malaman makaranta da ma'aikatan jinya suka zama 'yan ƙungiyar ƙwadago, amma dokar tana nan kusa da lebura. Shi ta ce a ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata 3. Shi ta yanka wa wa'adin notis: kwana 1 idan aikin bai wuce wata 3 ba, mako 1 idan bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 daga nan zuwa sama.

Wahalar lauyan kamfani ita ce kowace doka da nata ma'aikacin. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta buɗe ƙofa sosai, ta shigar da na dindindin da na wucin gadi da mai koyon sana'a, kuma kamfani yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashinsa a asusun inshorar ma'aikata na NSITF dominsu. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai naira 70,000 a 2024, ta tsame wuraren da ba su kai mutum 25 ba da waɗanda ake biya da kamasho. Mutum ɗaya yana iya zama ma'aikaci idan inji ya datse masa yatsa, ya zama ba ma'aikaci ba idan ana lissafin albashi.

Sai 'yan kwantiragi. Nan ne kamfanoni suka fi wasa da suna. A bankuna da kamfanonin mai akwai waɗanda suka yi shekaru a kujera ɗaya, suna zuwa da safe suna tashi da yamma, amma a takarda ma'aikatan wani kamfani ne da ya kawo su, ko kuma an kira su masu ba da shawara. Kotun Ƙoli, a shari'ar Shena Security da Afropak ta 2008, ta nuna abin da ake dubawa: albashi ake biyansa ko ladan aiki, wa ya ba shi kayan aiki, wa ya yanka masa lokaci, yana da ikon tura wani a madadinsa? A ganina lauyan da ya dogara da kanun takarda, bai taka zuwa ofis ya ga wa yake ba mutumin nan umarni ba, bai yi wa kamfaninsa aiki ba.

Kalmomin da suka fi zafi su ne na ranar rabuwa. Hausa tana da sallama tana da kora, kuma ba a haɗa su. Ubangida a kasuwa yakan sallami yaronsa da jari da albarka. Wanda aka kama da ha'inci kuwa korarsa ake yi. Doka ma haka ta raba. Sallama ita ce ƙare yarjejeniya da notis, ko da kuɗin notis, mutum ya tafi da haƙƙoƙinsa. Kora hukunci ce kan babban laifi, takan zo nan take, takan cinye wasu haƙƙoƙin, ta kuma bar tabo a sunan mutum. Saboda haka kotu take neman a gaya masa laifinsa, a saurari bahasinsa tukuna.

A da sallama ba ta buƙatar dalili. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Chukwumah da Shell a 1993, bisa tsohuwar ƙa'idar Ingila ta ubangida da bara: in an bi notis, ba ruwan kotu da niyyar mai kamfani. Gyara na uku da aka yi wa tsarin mulki a 2010 ya sauya lissafi. Sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon duba zalunci a harkar aiki da amfani da ƙa'idojin duniya.  A 2015, a shari'ar Aloysius da Diamond Bank, kotun ta ce sallama ba tare da dalili mai nasaba da aikin mutum ko halinsa ba ta saɓa wa waɗannan ƙa'idoji, tana jingina da Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ba ta ma rattaba mata hannu ba.

Bakin alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara bai zo ɗaya kan wannan ba. Don haka tsohuwar jimlar nan ta cewa kamfani ba ya buƙatar aikinka yanzu ta zama abin tsoro. Idan lauya ya bar takardar sallama ba dalili, ana iya cewa an yi zalunci. Idan ya rubuta dalili, sai ya kawo hujjarsa gaban alƙali, daga takardun gargaɗi zuwa rahoton kwamitin da ya saurari ma'aikacin.