Kisan Ya Na da shari'ar taron dangi

Ranar 27 ga Maris 2002, bayan kwana uku ana ɓarin wuta a fadar Gbewaa da ke Yendi, aka kashe Ya Na Yakubu Andani na Biyu tare da mutanensa da dama, aka banka wa fadar wuta. Jama'a da yawa sun ga abin da idonsu, amma har yau kotu ba ta ɗaure ko mutum ɗaya a kan jinin sarkin Dagomba ba.

Kisan taron dangi shi ne mafi wuyar shari'a, domin alƙali ba ya hukunta taro. Sai an nuna masa wa ya yi me, da kuma yadda aka ƙulla baki. Hukumar Wuaku da Shugaba Kufuor ya kafa ta zauna a Sunyani ta saurari shaidu, aka gurfanar da mutum 2, kotu ta sallame su a 2003. Zamanin Atta Mills aka sake kama waɗansu aka kai su Akra. Ranar 29 ga Maris 2011 Mai shari'a Ayebi ya wanke mutum 15, bisa hujjar cewa maganar shaidu ta ci karo da abin da suka faɗa wa hukumar, kuma masu ƙara ba su tabbatar ba cewa ƙonanniyar gawar da aka samu ta Ya Na ce. Mutanen Tamale ba su manta da abin da ya biyo baya ba: matasa suka ƙona ofishin NDC, aka sa dokar hana fita, gwamnati ta ce za ta ɗaukaka ƙara.

Ko da an samu hukunci, irin wannan shaida ba kasafai take tsira a kotun ɗaukaka ƙara ba. A Najeriya, kotun Legas ta yanke wa Manjo Hamza Al-Mustapha da abokin shari'arsa hukuncin kisa a Janairu 2012 kan kisan Kudirat Abiola. A Yuli 2013 kotun sama ta rushe hukuncin, saboda manyan shaidun, waɗanda su ma da hannunsu a ciki bisa faɗarsu, sun janye maganarsu.

A Dagbon kuwa sarakuna ne suka kashe wutar. Kwamitin Asantehene da Nayiri da Yagbonwura ya sasanta gidan Abudu da gidan Andani, aka naɗa Ya Na Abukari na Biyu a Janairu 2019, shekara 17 bayan kisan.