Masu kuɗi ba su da ta cewa: rikicin hannun jari a Holan

A shekarar 1602 aka kafa kamfanin VOC a ƙasar Holan domin fataucin kayan yaji daga Asiya, kuma aka ce duk mai so ya kawo kuɗinsa. A Amsterdam kaɗai mutum 1,143 suka sa hannu. Cikinsu har da wata 'yar aikin gida, Neeltgen Cornelis, wadda ta zuba gilda 100 (kuɗin Holan na wancan lokaci) na guminta. Jarin da aka tara ya haura gilda miliyan 6.

Alkawarin da ke rubuce shi ne bayan shekara goma za a baje lissafi, wanda ya ga dama ya cire kuɗinsa. Kafin lokacin kuwa, daraktoci 17 ne wuƙa da nama. Mai hannun jari ba ya zaɓensu, ba ya ganin littafin ciniki, ba shi da taron da zai tashi ya yi tambaya.

Isaac Le Maire, wanda ya zuba gilda 85,000, shi ya fara ta da murya. A watan Janairun 1609 ya kai ƙara ga Johan van Oldenbarnevelt, babban jigon gwamnati, cewa ana riƙe dukiyar mutane ba tare da yardarsu ba. Shi ma fa ba tsarkakakke ba ne: an raba shi da kujerar darakta a 1605 bisa zargin almundahana, kuma ya haɗa kai da wasu don karya farashin hannun jarin. Duk da haka maganarsa tana kan hanya.

Da aka tashi raba riba karon farko a 1610, kayan yaji aka miƙa wa mutane, fatar gyaɗar ƙamshi da masoro, tsabar kuɗi kuwa 'yar kaɗan. Wanda ya jira shekara takwas sai ga shi da buhu yana neman mai saye. A 1612 kuma majalisar ƙasa ta yafe wa daraktoci baje lissafin da aka yi alkawari, domin kuɗin sun tafi ga jiragen yaƙi da ganuwoyi. Wannan zalunci ne ƙarara, ko da yake bai kama ƙafar abin da kamfanin ya yi wa mutanen tsibiran Banda a 1621 ba, inda aka kashe da yawansu aka bautar da wasu.

A 1622 haƙuri ya ƙare. Masu hannun jari suka riƙa buga takardu suna zargin daraktoci da sayar wa kansu kayan kamfani da araha. Da aka sabunta lasisin kamfanin a 1623, an ƙayyade wa darakta wa'adin shekara uku, aka kafa kwamitin mutum tara daga manyan masu jari don sa ido. Ƙananan masu jari ba su samu ƙuri'a ba har aka rushe kamfanin a 1799.