Fijo da Masu Son Mota a Ƙasar Hausa

Masu son mota, a ma'anar da kamfanonin Turai da Amurka da Japan ke ba kalmar, su ne masu sayen mota don daɗin tuƙi kawai: gudu, ƙarar inji, giyar hannu, da yadda take shan kwana. A ƙasar Hausa kuwa, daga Katsina da Maraɗi har ƙauyukan jigawa na Tasawa da Mayahi irin su Gidan Amumune, sunan ya fi zama a kan wasu mutane dabam: direban haya da ya san motarsa kamar yunwar cikinsa, bakaniken da ke gane ciwon inji da kunne tun bai taɓa sifana ba, da mai motar da ya gwammace ya kwana da yunwa da a zuba mata gurɓataccen baƙin mai. Motar da suke so ita ce wadda za ta ɗauki kaya fiye da kima, ta ratsa rairayi ba ta kafe ba, in ta lalace a daji a kwance ta nan take a gyara. Tarihin yadda masu ƙera mota suka kula da waɗannan mutane, sannan suka daina, a warwatse yake. Marubutan Faransa sun fi ba da labarin tsere, na Najeriya sun fi ba da labarin masana'antar Fijo ta Kaduna, direban Maraɗi kuwa ba ya cikin ko ɗaya. In aka tara bayanan wuri guda, za a ga sau ɗaya tak buƙatar kamfani ta zo daidai da tasa, wato zamanin Fijo 404 da 504, kuma ciniki da manufar gwamnati ne suka haɗa su.

Zuwan mota ƙasar nan a zamanin Turawa sananne ne. Abin da ya kamata a ambata shi ne ayarin kamfanin Citroën da ya tashi daga Colomb-Béchar ta Aljeriya ran 28 ga Oktoba 1924, da motoci takwas masu sarƙa a baya, ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Ya bi ta Yamai, ya yada zango a Tasawa inda Sarki Barmu ya tarbe shi, sannan ya wuce Damagaram. An ɗauki fim, aka nuna a Faransa. Ba a kawo wa kowa mota ta sayarwa a Tasawa ba. An zo ne don mai saye a Faris ya ga cewa motar da ta ratsa Sahara ba za ta ba shi kunya ba.

Al'amarin ya canja da fitowar Fijo 404 a 1960, shekarar da Nijar da Najeriya suka sami 'yancin kai. Mota ce mai sauƙin inji da ƙwarin jiki, ta kuma cinye tseren Safari na Gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, a kan hanyoyin ƙasa irin namu. A-kori-kurarta mai rufin tamfol ita ta zama motar kasuwannin ƙauye, tana kwasar gero da gyaɗa da awaki da masu su. Sai 504 ta biyo baya a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. Ba don Afirka aka zana ta ba tun farko, amma duk abin da aka sa mata ya dace da nan. Tayoyin baya ke tura ta, saboda haka nauyin kaya ƙara mata riƙon ƙasa yake yi. Ƙafafunta na da dogon lilo, suna shanye gargada da ramuka. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa yadda ba ta yawan gogar tudun yashin da ke tsakiyar hanya. Injinta na fetur, mai kimanin lita biyu, da kafireto yake aiki, wanda yaron gareji zai kwance ya wanke da fetur ya hura da baki ya mayar. Doguwarta mai layin kujeru uku, wadda aka yi don mutum bakwai, ita ta riƙe tashoshin Katsina da Maraɗi da Damagaram shekara da shekaru. Ove Andersson ya ci tseren Safari da ita a 1975, Jean-Pierre Nicolas ya maimaita a 1978.

Abin da ya mai da ita ta gida shi ne masana'antar Kaduna. An kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a 1972, haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da kamfanin Faransa, aka fara haɗa mota a Kakuri a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. Kuɗin da Najeriya ke samu daga man fetur sun yi yawa a lokacin, tashar jiragen ruwa ta Ikko ta cushe, har ta kai ana ɗebo kayan haɗin motar ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano, sannan a kai su Kaduna. Wannan kaɗai ya isa ya nuna darajar da kasuwar ke da ita a wurin kamfanin. Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta zo da manufar rage facaka, ta mai da 504 motar jami'an gwamnati tun daga sama, ma'aikata kuma suna samun bashin mota. A 1981 masana'antar ta haɗa motoci kusan dubu 60. Akwai wasu masana'antun a zamanin, Volkswagen a Ikko, Fiat a Kano, Steyr a Bauchi, Marsandi a Enugu, amma babu wadda ta shiga rayuwar Bahaushe kamar ta Kaduna.

Nijar ba ta da masana'antar mota, sai dai iyaka ba ta taɓa raba Maraɗi da Katsina a ciniki ba. Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, sun tashi daga cinikin gyaɗa zuwa fataucin kaya da Najeriya, hanyar Ɗan Isa da Jibiya kuwa ita ce jijiyarsu. Ta nan mota ke shigowa, ta nan kayan gyara ke bi. Wannan shi ne ainihin kulawar da kamfani ya yi, ko da bai nufa ba: ya bar mota iri ɗaya a kasuwa shekara talatin ba tare da ya sauya mata fasali sosai ba. Lagireton da aka saya a Ƙofar Ruwa ta Kano zai zauna a motar Tasawa. Abin da babu, maƙeran Panteka a Kaduna da takwarorinsu na Maraɗi za su ƙera. Bakanike ya koyi inji ɗaya yana yaro, ya ciyar da iyali da shi har ya yi furfura. Direba da karen mota suka zama mutanen da ake yi wa waƙa, kamar yadda Ɗan Maraya Jos ya yi a Waƙar Karen Mota.

A kan ƙarshen 504 ne bayanai suka fi saɓawa. Masu rubuta 1983 suna nufin shekarar da aka daina ƙera ƙaramar 504 a Faransa, sun manta da Afirka ɗungurungum. A Kenya an ci gaba har 2004. Na Kaduna kuwa wasu na cewa 2005, wasu 2006. Abin da ya fi kama hankali shi ne haɗawa ta tsaya wajen ƙarshen 2005, ragowar suka shiga kasuwa a shekarar da ta biyo, wadda ita ce kuma shekarar da gwamnati ta sayar da hannun jarinta. A jimlace, cikin fiye da miliyan 3 da aka ƙera a duniya, sama da dubu 400 daga Kaduna suka fito. Amma shekarar da ta fi muhimmanci ga wannan tarihi ita ce 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta karya darajar naira. Kayan haɗi daga Faransa suke zuwa, da kuɗin waje ake biya, sai sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci. A Janairun 1994 aka raba darajar sefa biyu, abin ya sami Nijar ita ma. Shekarun da suka rage wa 504 bayan haka, sayayyar gwamnati da ta manyan ma'aikatu ce ta riƙe ta.

Wani zai kawo tseren Faris zuwa Dakar a matsayin shaidar cewa kamfanoni sun damu da wannan ƙasa. Gaskiya ne tseren farko, wanda ya tashi ran 26 ga Disamba 1978, ya bi ta Arlit da Agadas da Yamai, kuma Peugeot ya lashe shi sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990. To amma motocin da Ari Vatanen da Juha Kankkunen suka tuƙa, 205 da 405 na musamman, ba su taɓa tsayawa a wata tasha a Nijar suna lodi ba. Abin da Citroën ya yi a 1924 ne aka sake yi: ƙasar fage ce, mai saye yana Turai. A 2000 aka kwashe ayarin ta jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar hari, a 2008 aka soke tseren, ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya.

Gurbin da Kaduna ta bari, 'yan Kwatano ne suka cike shi. Motocin da Turawa suka gama ci aka riƙa saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Binin, a rubuta musu takardar wucewa zuwa Nijar, su haura ta Malanville da Gaya, da yawansu su sulale Najeriya ta Ƙwanni da Maraɗi, musamman bayan da Najeriya ta iyakance shekarun motar da za a shigo da ita a farkon shekarun 2000. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Ma'anar wannan a fili take. Kamfani ba ya sauraren mai saye na uku, domin ba ya samun ko dala daga gare shi. Injiniyan da ya zana motar yana tunanin dokar hayaƙi ta Turai da kwalta mai santsi da man da aka tace sarai. Motar ta zo da ƙwaƙwalwa da na'urori masu auna iska da hayaƙi, aka zuba mata man ruwa-ruwa na kwalba a bakin hanya, ƙurar hunturu ta shige ta. In ta tsaya tsakanin Mayahi da Gidan Amumune, kunnen bakanike ba zai yi amfani ba, sai an je birni an ɗauko mai kwamfuta.

Ƙalubale mafi ƙarfi ga wannan hujja shi ne Toyota. Land Cruiser samfurin 70 ta fito a 1984, har yau ana ƙera ta da giyar hannu da jiki mai ƙwari, Hilux ma haka, kuma su ne sarakan rairayi tun yaƙin Chadi da Libiya na 1987. Dole a yarda cewa wannan kamfani bai juya wa hanyar ƙasa baya ba. Sai dai a duba masu sayen sababbin: sojoji, ƙungiyoyin agaji, kamfanonin ma'adinai da na mai, da ma'aikatun gwamnati. Direban kasuwa sai bayan sun yi gwanjonta yake samu. Fijo ta Kaduna kuwa, a shekarunta goma na farko, malamin makaranta ya saye ta sabuwa fil da bashin albashi.

Akwai kuma masu cewa duk wannan begen jiya ne kawai, kuma suna da tasu gaskiyar. 504 na shan mai, ba ta da jakar iska mai kare rai, kuma doguwarta da aka cusa wa mutum goma ta kashe bayin Allah masu yawa a hanyoyin nan. Motar yau ta fi ta tsaro da tattalin mai, matasan kanikawa kuma suna koyon aiki da kwamfuta. Amma ba komawa kafireto ake nema ba. Abin da aka rasa shi ne mota sabuwa, mai araha, wadda aka zana da sanin cewa mai gyaranta yana nesa da birni, kuma wadda kayanta za su daɗe iri ɗaya. Ana iya yin haka tare da birki na zamani da jakar iska. Masu son mota na Turai da ke kukan ɓacewar giyar hannu har yanzu ana yi musu Mazda MX-5 da Toyota GR Yaris, domin suna da kuɗin biya kuma daga hannun kamfani suke saye.

Masana'antar Kakuri ta faɗa hannun hukumar karɓar basussuka ta AMCON a 2012. Najeriya ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa daga Janairun 2017, iyakar Nijar da Binin kuma ta rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023. Kamfanin Dangote Peugeot ya fara haɗa mota a hanyar Kaduna zuwa Abuja a 2022. Waɗanda a yau ke ƙera abin hawa da tunanin ɗan ƙauyen Mayahi a ransu su ne masu babura na Indiya da Sin, irin su Bajaj da Haojue, masu injin da ake kwancewa a gindin bishiya. Najeriya na cikin manyan kasuwannin Bajaj na waje, kuma babur ne injin da ɗan kabu-kabu a jihar Maraɗi ke iya saye sabo a kwali.