Yadda Gina Shafukan Intanet Ya Shiga Ajin Jami'a

Tun kafin zuwan kwamfuta, idan marubuci ya kai rubutunsa maɗaba'a, edita kan bi shi da fensir yana sa alamomi a gefe domin mai jera haruffa: wannan kanu ne, nan a soma sabon sakin layi, wannan kalma a ƙara mata kauri. Daga wannan al'ada harsunan alamta rubutu suka samo asali. A shekarar 1969 wasu ma'aikatan kamfanin IBM su uku, Charles Goldfarb da Edward Mosher da Raymond Lorie, suka ƙirƙiro GML domin kwamfuta ta iya sarrafa takardun shari'a. Hikimarsu ita ce alama ta faɗi matsayin abu a cikin rubutu, batun yadda zai fito a takarda kuma a bar shi daban. GML ya haifi SGML, wanda hukumar ISO ta mayar ƙa'idar duniya a 1986.

SGML nauyi gare shi, sai manyan ma'aikatu ke iya ɗaukarsa. Cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janeba tana cikinsu, kuma a can ne Tim Berners-Lee ya gabatar da shawararsa a watan Maris na 1989, ta haɗa takardun masana ta yadda ɗaya za ta kai mai karatu ga ɗaya. Ya ari siffar SGML ya rage mata kaya, aka sami HTML, harshen alamta shafukan intanet. Bayanin farko da ya fitar a 1991 alamomi 18 kacal ya ƙunsa. Ranar 30 ga Afrilu 1993, CERN ta sakar wa duniya fasahar kyauta.

A farfajiyar jami'a abin ya yi rarrafe. Burauzar Mosaic, wadda ta jawo hankalin jama'a a 1993, a Jami'ar Illinois ta Amurka aka gina ta, kuma ɗaya daga cikin maginanta, Marc Andreessen, ɗalibi ne a lokacin. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan, a MIT aka kafa ta a 1994. Amma duk da haka sassan kimiyyar kwamfuta da yawa sun daɗe suna yi wa HTML kallon hadarin kaji. Hujjarsu ita ce HTML ba ya lissafi, ba ya yanke hukunci, saboda haka sana'ar hannu ce da ɗalibi zai koya a ɗakinsa. Haka kuwa aka yi. Mutane suka riƙa buɗe cikin shafin wani su kwafi abin da suka gani, mai kyau da maras kyau.

A ganina wannan sakaci ya yi tsada. A shekarun da Netscape da Microsoft ke gasar mamaye kasuwa, kowanne yana cusa alamomin kansa, har da mai sa rubutu ƙyaftawa da mai sa shi gudu a allo, babu malamin da ya tsaya a gaban aji ya tuna wa matasa darasin 1969. Aka cakuɗa ma'ana da ado, aka mayar da jadawalin alƙaluma abin jera hotuna. Makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa allo shi ya fi kowa shan wuyar wannan kwamacala.

Girman da abin ya yi ne ya tilasta wa jami'o'i buɗe ƙofa. JavaScript ya zo a 1995, CSS a 1996, XML a 1998, shafuka kuma suka fara magana da rumbunan bayanai, ana ciniki da biyan kuɗi a kansu. A 2001 ƙungiyoyin ACM da IEEE suka sa gina shafukan intanet cikin jagoran manhajar karatu da suka fitar, a ƙarƙashin darasin sadarwa tsakanin kwamfutoci. A 2006 MIT da Jami'ar Southampton ta Ingila suka haɗa kai don nazarin shafukan intanet a matsayin fage mai cin gashin kansa. Ko a lokacin, masu sana'ar na kukan cewa ana yaye ɗalibai da tsofaffin dabaru, har kamfanin Opera ya wallafa nasa darussan kyauta a 2008.

Malamai ma suna da uzuri, domin ƙasa na motsi a ƙarƙashinsu. Waɗanda suka koyar da XHTML, sabon salon HTML na shekarar 2000, a matsayin makoma sun wayi gari W3C ta dakatar da aiki a kan kashi na biyunsa a 2009, HTML5 ya karɓe fage a 2014. Tun 2019 kuma ƙungiyar WHATWG ke riƙe da ƙa'idar, ana sabunta ta kullum ba tare da lamba ba. Majalisar jami'a da kan ɗauki shekaru kafin ta amince da sauyin kwas ba za ta taɓa cim ma wannan gudu ba, shi ya sa kwas mai inganci ke tsayawa a kan tsarin rubutu, tsaro da sauƙaƙa wa naƙasassu.

Wannan ya shafe mu masu rubutu da Hausa kai tsaye. Ɗalibin da bai fahimci UTF-8, tsarin da kwamfuta ke adana haruffa da shi, ba, shafinsa zai iya mayar da ɓ da ɗ da ƙ tarkacen alamomi. Wanda bai san yadda ake bayyana harshen shafi da alkiblar rubutu ba, zai sha wuya ranar da aka ba shi Ajami ya ɗora, tunda daga dama yake tafiya zuwa hagu.