Idon Maƙeri da Idon Na'ura: Tarihin Awon Zafi Daga Nesa

Rano tana cikin Hausa Bakwai. Masu ba da labarin da sun ce sa'ad da 'ya'yan Bawo su ka raba aiki a tsakaninsu, Kano da Rano su ne Sarakunan Baba, watau masu rini. Amma in ka bi hanyar kudu daga birnin Kano, ka ratsa tsakanin duwatsun Rano, ka ɓulla Kibiya ta gabas, za ka ga ƙasa ce ta manoma, manomi kuwa ba ya rabuwa da maƙeri. Fartanya da garma da lauje da gatari duk daga maƙera su ke fitowa. A wurin maƙeran nan ne za mu fara wannan labari, domin tun da daɗewa sun iya sanin zafin abu ba tare da sun taɓa shi ba.

Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar Kano. Masu tonon kayan tarihi sun sami alamar wuraren narka tama a gindin Dutsen Dala waɗanda su ka haura shekara 1,300. Labarin gargajiya kuma ya ce Abagayawa, maƙeran da su ka zauna Dala, daga Gaya su ka taso neman tama. Duk tsawon zamanin nan maƙeri ba shi da ma'aunin zafi sai idonsa. Ya kan sa ƙarfe cikin gawayi, yaro na zuga, shi kuwa yana duba. In ƙarfen ya fara ja mai duhu ya san da saura. In ya yi ja wur, ya koma ruwan goro, sa'an nan ya kan ɗauko shi da awartaki, ya ɗora bisa uwar maƙera, ya sa masa masaba. Daga nan ne Hausawa su ka sami karin maganar nan, da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe. Shi ya sa kuma a ke yin rumfar maƙera da duhu-duhu, don a tsakiyar rana jan ƙarfe ba ya bayyana sosai.

Masana sun auna waɗannan launuka da ma'aunin Santigired, wanda a kansa ruwa ke tafasa a digiri 100. A shekarar 1847 wani masani a Amurka mai suna John Draper ya nuna abu ya kan fara ja in zafinsa ya kai wajen digiri 525. Ja wur wajen digiri 800 ne, rawaya ta wuce 1,000, farin da ke kashe ido kuwa wajen 1,300. Ka ga ke nan idon maƙeri ma'auni ne na gaske. Amma yana da iyaka. Ƙarfen da zafinsa ya ke digiri 400 baƙi ne ƙirin, kamar wanda ya kwana a ƙasa, amma ya isa ya saɓule fatar hannu. Abin da a kan fara koya wa yaro ke nan a maƙera, kada ya yarda da baƙin ƙarfe.

Akwai wata iyaka ta biyu, ita ce zuciyar wannan labari. Maƙera iri biyu ne, akwai maƙeran baƙi, akwai maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, hanyar jirgin ƙasa kuma ta iso a 1911, sai ƙarfen waje ya yawaita, narkar tama ta yi ta ja da baya har ta mutu. Daga baya wani sabon ƙarfe ya shigo, mara nauyi mai ƙyalli, watau alminiyon, wanda a ke kira sanholo ko goran-ruwa, a ke zuba tukwane da ludaya da shi. Sanholo yana narkewa a digiri 660. Da baƙin ƙarfe ne, da a wannan zafi ya yi ja a cikin inuwa. Shi kuwa sanholo sai ka gan shi ya narke yana sheƙi kamar azurfa, ba alamar wuta a jikinsa. Zafi ɗaya, amma fuska biyu. Mene ne dalili?

Amsar ta fito daga Turai, a hankali a hankali. A shekarar 1800 wani masanin taurari a Ingila mai suna William Herschel ya sa hasken rana ya ratsa wani gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rarrabu launi launi kamar bakan gizo. Ya yi ta ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gota da ma'aunin ya wuce ja, inda ido ba ya ganin kome, sai ya ga zafi ya ƙaru. Ta haka a ka gane akwai wani haske wanda ido ba ya gani, fata ce ke jinsa. Bari mu kira shi ɓoyayyen haske. Kowane abu yana fitar da shi dare da rana, mutum da dabba da dutse da ruwa, gwargwadon zafinsa. In ka taɓa wucewa kusa da duwatsun Rano bayan magariba a cikin bazara, ka ji ɗumi na bugun fuskarka ba ka taɓa dutsen ba, to shi ne ka ji. Jan da maƙeri ke gani ma danginsa ne, sai dai shi zafi ya kai inda hasken ya fito fili.

Bayan shekara huɗu, watau a 1804, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, wani mutumin Sikotilan mai suna John Leslie ya yi wani gwaji mai sauƙi. Ya samu gwangwani mai fuska huɗu, ya shafe fuska ɗaya da baƙin hayaƙin fitila, wata kuma ya bar ta a goge tana ƙyalli. Ya cika gwangwanin da ruwan zafi. Tun da ruwa ɗaya ne a ciki, zafin fuskokin duka ɗaya ne. Amma da ya auna ɗumin da ke fitowa daga kowace fuska daga nesa, sai ya ga baƙar ta fi mai ƙyallin wajen ninki takwas. Watau dai akwai abu mai kyauta, wanda ke sakin zafinsa kowa ya ji, akwai kuma marowaci, mai ɓoye nasa.

Wani Bajamushe, Gustav Kirchhoff, shi ya bayyana ƙa'idar abin a 1859 da 1860. Ya ce abin da ya fi shan haske shi ya fi sakinsa, wanda kuwa ke mayar da haske kamar madubi, sakinsa kaɗan ne. Daga nan masana su ka ba kowane abu lamba tsakanin 0 da 1, wadda ke nuna ƙarfin sakin zafinsa. Da Turanci a na ce da ita imisibiti. Abin da ke sakin duk iyakar abin da zai yiwu, lambarsa 1. Fatar mutum wajen 0.98 ce. Ruwa, da tukunyar ƙasa, da itace, da gawayi, da dutse, duk suna wajen 0.9 ko sama. Ƙarfen da ya yi tsatsa ya kan kai 0.7 ko fiye. Amma sanholon da a ka goge, ko azurfa, ko jan ƙarfe mai sheƙi, ba su cika kai 0.1 ba. Dalilin da ya sa narkakken sanholo ba ya nuna wutarsa ke nan.

A nan sai mai karatu ya yi hattara da wani kuskure. Launin da ido ke gani ba shi ne ke yanke hukunci a wajen ɓoyayyen haske ba. Baƙar fata da farar fata lambarsu ɗaya ce. Bangon da a ka shafa wa farar ƙasa da wanda a ka shafa wa baƙin fenti, kusan ɗaya su ke wajen sakin ɗumi. Abin lura shi ne tsiraicin ƙarfe da ƙyallinsa.

Da a ka san akwai ɓoyayyen haske sai a ka shiga neman hanyar ɗaukar hotonsa. John Herschel, ɗan William, ya gwada a 1840. Amma na'urori na sosai sojoji ne su ka inganta su, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, don su ga abokan gaba cikin duhu. A cikin shekarun 1960 wani kamfani na ƙasar Suwidin mai suna AGA ya fara sayar da kyamarar zafi ga masana'antu da asibitoci. Kyamarar ta kan nuna wuri mai zafi da launi ɗaya, mai sanyi da wani. Masu aikin lantarki su kan duba wayoyi da taransifoma da ita, su gano mahaɗar da ke zafi tun ba ta kama da wuta ba. Tun daga 1982 kuma taurarin ɗan Adam na Amurka masu suna Landsat suna ɗauke da irin wannan ido. Kowane ɗaya ya kan komo kan wuri guda bayan kwana 16, ya bi ta kan gonakin Kibiya, da duwatsun Rano, da ruwan madatsar Tiga wadda a ka gama a 1974. Kafin masana su ce ga zafin ƙasa a wuri kaza, tilas su san lambar abin da ke wurin, ko ruwa ne, ko shuka, ko busasshen yashi, domin kowanne da tasa.

Talakawan Nijeriya kuwa cuta ce ta gabatar musu da wannan ilmi. A watan Yuli na 2014 cutar Ebola ta shigo Legas, a ka fara tsai da mutane a filayen jirgin sama da ƙofofin asibiti da makarantu, a na nuna musu wata 'yar na'ura mai kama da bindiga a goshi. A watan Oktoba na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta kau daga ƙasar. Sa'an nan a 2020 cutar korona ta zo, a ka sami mutum na farko mai ita a Kano cikin watan Afrilu, 'yar bindigar nan ta sake fitowa, har ta kai garuruwa da ƙauyuka. Ba ta harba kome a jikin mutum. Ɗumin da goshi ke saki ta ke karɓa, ta yi lissafi, ta nuna lamba.

To, Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Aikin na'urar nan ke nan, fuska ta ke tambaya. A kan mutum ta kan yi kusa da gaskiya, domin fata mai kyauta ce. Duk da haka wanda ya sha rana a kan babur goshinsa zai nuna zafi ba shi da zazzaɓi. Wanda gumi ya jiƙa, ko iskar hunturu ta buga, zai nuna sanyi ko da jikinsa ya kai digiri 38, a bar shi ya wuce da ciwonsa. Don haka a ke so mutum ya zauna a inuwa ya huta tukuna, ya share goshi, in kuwa akwai shakka a sake aunawa da ma'aunin da a ke sawa a hammata ko a baki.

A kan ƙarfe mai ƙyalli kuwa kuskuren babba ne. Yawancin ƙananan na'urori na masu sana'a an saita su a kan 0.95, watau sun ɗauka kowane abu mai kyauta ne. Ɗauki sabuwar butar sanholo cike da tafasasshen ruwa, zafinta kusan digiri 100, a cikin ɗakin da zafinsa ya ke 30. In ka nuna mata na'urar, za ta iya ce maka wajen 40, domin butar ta ɓoye nata zafin, ta mayar wa na'urar da ɗumin ɗakin kamar yadda madubi ke mayar da fuska. Juya ka auna gindinta inda hayaƙi ya baƙanta, sai ka ga lamba ta tashi kusa da gaskiya. Haka sabon rufin kwano da dare, ya kan nuna sanyin da ba shi da shi, saboda sararin sama ya ke haskowa. Mai gyaran lantarki da ya auna mahaɗar jan ƙarfe mai sheƙi, ya ga lamba kaɗan, ya tafi hankali kwance, zai yiwu ya bar wuta a bayansa.

Maganin abin ba wuya. A liƙa ɗan baƙin salatif na masu lantarki a jikin ƙarfen, bayan an kashe wuta in waya ce, ko a shafa fenti ko baƙin tukunya, a jira ya ɗauki zafin ƙarfen, sa'an nan a auna a kansa. In na'urar tana da wurin sauya lamba, a sa lambar da ta dace da abin. A tsaya daura da abin sosai, kada a karkace. Kada kuma a auna ta bayan gilashi, domin ɓoyayyen hasken da na'urar ke karɓa ba ya ratsa gilashin taga, zafin gilashin kaɗai za ta gani.

Daga maƙeran Dala zuwa yau an yi shekara fiye da dubu, kayan aiki sun sake ƙwarai. Na'ura tana ganin abin da idon maƙeri bai taɓa gani ba, tana ganin zafin ƙarfe tun yana baƙi. Amma ita da idon duka abin da abu ya saki su ke gani, wanda ya ɓoye kuwa sai mai hankali ya lissafa. Saboda haka duk wanda a ka danƙa wa irin wannan na'ura, a asibiti ne ko a wurin aiki, ya kamata ya yi koyi da tsohon maƙerin Rano, ya fara sanin irin abin da ke gabansa kafin ya yarda da abin da fuskarsa ta nuna.